Shekarar da Na Zama Gwanin Indararo

Na zo Sabha ta ƙasar Libiya daga wani ƙauye kusa da Damagaram, na samu aiki a wurin buga bulo a unguwar Manshiya. Mai wurin dattijon Balarabe ne, mudir muke ce masa, wato manaja. Yana da hoton wani injin bulo manne a bango, kullum sai ya nuna mana ya ce, "Yana hanya. Ran da ya iso, har Tarabulus za mu kai kaya."

Injin bai iso ba. Faɗa ya ɓarke, aka rufe hanyar arewa, siminti ya yi wuya, gini ya tsaya cak. Da abin ya lafa, mudir ya mayar da mu masu toshe ramukan harsashi a bangon mutane. Na ƙware har wata tsohuwa ta ce in bar mata rami ɗaya, ta nan take leƙen mai kawo burodi.

Sai kuma ruwan sama ya sauka, irin wanda ko tsofaffin garin suka ce ba su saba gani ba. A unguwar Tayuri gidaje suka jiƙe har katifa. A Manshiya rufin kankare ya zama tafki, don yawancin gidajen ba a yi musu mafitar ruwa ba. Na tarar da mudir a saman gidansa, ya naɗe jallabiya, yana kwasar ruwa da tukunyar shayi.

Na ce, "Mudir, ina indararonku?"

Ya ce, "Mene ne kuma wannan?"

Na huda gefen rufin, na zura guntun tiyo, ruwa ya tsiyaye titi shaa. Ya dube ni kamar ni na ƙera jirgin sama. A garinmu ko makaho ya san wannan aikin, amma ban faɗa masa ba.

Sati uku ina hawa rufin mutane. Wanda jiya yake kirana "kai, ɗan Nijar" ya koma ce mini muhandis, wato injiniya, har da miƙo gahawa. Mudir ya ce ai sana'a ta samu. Ya sayo tiyo cike da mota, ya sa aka rubuta allo a ƙofa.

Ruwa bai sake zuwa ba. Kullum da hantsi sai ya fito ya ɗaga kai ya ce, "Muhandis, wancan hadari ne?"

"Hayaƙin janareton maƙwabci ne, mudir."

Daga ƙarshe wani manomin dabino daga garin Ghuddwa ya zo ya kwashe tiyon don ban ruwa. Ya nemi wanda zai haɗa masa, mudir ya nuna ni. Na hau bayan motar na zauna a kan kayan. Kaka biyu na yi a gonar nan, kuma a can ma muhandis suke kirana, ko da ina kwasar kashin awaki.