Jeren da Na Yi wa 'Yan Nazare

Shekarun baya, lokacin ina koyar da 'yan nazare a wata ƙaramar makaranta a Angwan Iya, aka tura ni Abuja wata bita. Can aka nuna mana yadda ake raba aji lungu-lungu, nan wurin girki, can wurin yashi, can na littattafai, yara su riƙa koyo suna wasa. Na dawo Keffi ina ta hura hanci, sai ka ce ni na ƙirƙiro abin.

A lokacin akwai wata yarinya a ajina da lamarinta ya hana ni sakat. Iyayenta 'yan ƙabilar Mada ne, sun taso daga wani ƙauye bayan Garaku. Tun da aka kawo ta ban taɓa jin muryarta ba, ko kuka za ta yi sai dai hawaye. Wata rana mahaifiyarta ta ja ni gefe, ta ce, "Anti, a gida fa surutunta har ya ishe mu. Amma Babanta ya ce in aka yi hutu ba ta buɗe baki a makaranta ba, zai mayar da ita ƙauye wajen kakarta. Wai kanta ba na boko ba ne." Na san in ta koma can, ita da aji sai dai a labari.

Sai na ɗora duk fatana a kan lungun girki. Na ce a raina, duk yarinyar da ta ga tukunya dole ta yi magana. Na shiga kasuwa na kwaso kayan roba masu sheƙi, tukwane, kofuna, farantai, har da ɗan murhun gas na wasa. Na shimfiɗa leshi a kan kantar aji, na jera su babba a ƙasa ƙarami a sama, ja wajen ja, kore wajen kore. Na ja baya na kalla, na yaba wa kaina da kaina.

Ranar Litinin na ce, "Oya, ku je ku yi wasa." Suka je, suka tsaya cirko-cirko, hannaye a baya. Wani yaro ya miƙa yatsa zai taɓa kofi, wata ta make masa hannu.

"Kai! Ba a taɓa jere!"

Ta juyo gare ni da gaskiyarta. "Anti, amarya za a kawo?"

Wallahi sati guda ina lallashi, in na miƙa wa yaro tukunya sai ya riƙe ta da hannu biyu, ya mayar inda take. Yarinyar tawa kuwa ko wajen ba ta kalla ba, ga hutu yana ta matsowa.

Da na ba mahaifiyata labari, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce, "Ke ranar da kika taɓa min kwanon jere, kin kwana lafiya? Yaran mutane sun ji tarbiyya, ke kuma kina jin haushi." Ta shiga madafa ta fito min da tsohon faifai, da ƙwarya mai ɗinki, da ɗan turmin yajinta da taɓaryarsa. Ta ce, "Ungo, waɗannan ba mai jin tsoronsu."

Na kwashe kayan robar na zube su a kwando. Na kafa duwatsu uku a matsayin murhu, na zuba masara da dussa a ƙwarya, na watsar da komai a tabarma ba tsari. Shugabar makaranta ta leƙo ta ce, "Anti, aji ne wannan ko madafa?" Kafin in amsa, har an fara faɗa a kan taɓarya.

Ita dai yarinyar tana jingine da bango tana kallo. Sai wata safiya wani yaro ya ɗauki faifai wai zai bakace masara, yana ta watsa ta a ƙasa. Na ga ta ɓata fuska. Can ta miƙe, ta nufe shi, ta surfa masa faɗa da yarensu, da ta ga bai gane ba ta ce da Hausa, "Ba haka ba! Kawo!"

Ta karɓe faifan, ta durƙusa, ta shiga bakace kamar wata babbar mace, dussa na tashi, masara na komawa. Yara suka kewaye ta, kowa na cewa a koya masa. Ni kuwa bayan ƙofa na laɓe ina share hawaye da bakin mayafi, don kar in yi tafi in firgita ta.

Ranar hutu mahaifinta ya zo da kansa. Na tsayar da shi a taga. Tana ciki tana raba aiki: "Ke daka. Kai kawo ruwa. Kar ka taɓa wuta!" Ya daɗe yana kallo, hularsa a hannu. Sannan ya yi gyaran murya ya ce, "Anti, yaushe za a dawo hutu?"

Tun daga nan, in na shirya lungun wasa na ga ya yi kyau da yawa, sai in hargitsa shi da hannuna. Na gane yaro ba ya sakewa da abin da aka ƙawata don ido, sai abin da ya san ba za a dake shi a kansa ba. Kuma shirun yaro ba shi ne ƙarshen hankalinsa ba.

Kwanaki na haɗu da ita a Tudun Ƙofa cikin kayan sakandare. Ta riƙe min hannu tana ta zuba, labarin malamansu, labarin ƙawayenta, har mai babur ɗin da na tsayar ya gaji ya tafi. Ban katse ta ba. Na sha jiran wannan surutun.