Zobban Garayar Babanmu

Shekara goma sha ɗaya na yi a wata masana'anta a unguwar masana'antu ta Jidda, inda ake yanka alminiyum ana haɗa tagogi da ƙofofi. Da umara na shigo na maƙale, ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, saboda haka aikin da kowa ya ƙi shi ne rabona: tsayuwa a bakin injin yanka tun safe har la'asar sakaliya. Wanda bai taɓa jin zarton lantarki ya kama alminiyum ba, kada ya yi fatan ji. In na tashi, kaina ya dinga ƙugi ke nan har in isa ɗakin da muke haya mu biyar a unguwar Ammariyya, ko abinci ba na iya ci sai na ɗan kishingiɗa.

Abin da ya riƙe ni a shekarun nan kaset ne. Ƙauyenmu ba waya, don haka duk shekara in alhazai za su taso, sai yayana ya zauna gaban rikoda ya ba ni labarin gida, wa ya haihu, wa ya rasu, yaya damina ta yi. Sannan ya juya kaset ɗin ya cika ɗaya gefen da kiɗan garaya. In za su koma ni ma in cika nawa in ba su. Garayar ta babanmu ce, da ya rasu ta dawo hannun yaya. A saman wuyanta akwai wani ɗan fallen ƙarfe mai ƙananan zobba kewaye da bakinsa, kakanmu ne ya ƙera shi. In an kaɗa tsirkiya sai zobban su ɗauki rawa, suna wani siririn amo can sama. Masu garaya suna da yawa a ƙauyenmu, amma ta gidanmu da wannan amon ake gane ta tun daga nesa.

A wurin aiki an raba mana soson toshe kunne. Ni kuwa sarkin wayo, sai na ga an fito da sabuwar samma'a, wato abin da muke ce wa iyafis a gida, mai robar nan da ke shiga can cikin kunne ta toshe shi ruf. Na ce ga toshewa ga kiɗa, me kuma nake nema? Na jefa soson a aljihu, na soke ƴar rikoda a ƙugu, na ƙure ƙara har sai garaya ta danne injin. Shekara uku ina haka, ina ganin duk wurin babu mai dabarata.

Tun kafin nan na lura zobban sun fara ɓacewa a tsofaffin kaset ɗina, amma na ɗora laifin a kansu, don sun sha juyi har sun gaji. Na ƙagu sabo ya zo. Da ya zo, ranar Juma'a bayan an sauko na zauna na saka. Ga tsirkiya tana fita, ga muryar yaya, amma zobba babu su babu alamarsu.

Sai na ce samma'ar ce. Na sayo wata, na sake sayo wata. Cikin makonni uku na zama gwanin abin da ba a tambaye ni ba. Wannan ƙasanta ya yi nauyi, kamar ana kiɗa a cikin randa. Waccan murya tana fita sarai amma kiɗan ba shi da jiki. Ta ukun robarta sai ta ci maka kunne kafin kaset ya kai rabi. Abokan ɗakina suka laƙaba min injiniyan kunne. Da na miƙa wa ɗayansu ya saurara da maganar ta ƙare tun a nan, amma ni ba na ba kowa abin kunnena, kuma ban ga abin da suka sani a garayar gidanmu ba.

Da ta huɗu ma ta kasa, sai zuciya ta ba ni cewa yaya ne ya cire fallen ya sayar. Na sha jin ana bin ƙauyuka ana sayen tsofaffin kayan ƙira. Ga gajiya ga ɓacin rai, na danna rikoda na zazzage masa abin da ke cikina. Na ce ina nan ina cin wuya a ƙasar mutane don gidanmu ya tsaya, shi kuwa abu ɗaya da babanmu ya bari ya kasa riƙewa. Na faɗi maganganun da ƙane ba ya gaya wa wansa. Na ba wani alhajin ƙauyenmu kaset ɗin, jirginsu ya tashi.

Bayan mako guda na koma shagon da na sayi ta ƙarshen a Aziziyya, da niyyar in yi masa tas. Mai shagon haifaffen Jidda ne, kakanninsa ne suka zo daga ƙasar Hausa, Hausarsa rabi Larabci ce. Bai yi musu da ni ba, ya goge robar ya sa a kunnensa, na kunna masa kaset ɗin yaya, ya saurara yana gyaɗa kai.

"Wallahi ya akhuya, samma'a ba ta da mushkila," in ji shi. "Amma wannan abin da ke yin cas-cas a sama, esh hada, mene ne shi? Yana da daɗi."

Na ce masa babu wani abu a sama. Ya dube ni, ya ɗauko tarin mukullansa ya zagaya bayana. Ya tambaya ko na ji wani abu, na ce a'a. Sai ya miƙo hannun gabana, na ga mukullan suna ta rawa.

"Halas, bar sayen samma'a," ya ce a hankali. "Je ka ga daktor."

Marar iƙama ba ko'ina yake shiga ba. Na dai samu wani ƙaramin asibiti da ba sa yawan tambaya, likitan ya ce ƙara ce ta cinye siraran sauti a kunnuwana biyu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Washegari na koma bakin injin da soso a kunne, don ba ni da wani aikin.

Ya kamata in nemi mai tafiya gida in aika wa yaya takarda. Kullum sai in ce gobe. Kunya ce ta hana ni, da kuma gajiyar da in ta kama mutum ko ban haƙuri sai ya yi masa nauyi. Haka shekara ta zagayo ban ce masa komai ba.

Alhazai suka dawo, aka kawo min kaset. Wannan karon babu labarin haihuwa, babu na damina, kuma bai rama ko kalma ɗaya ba. Muryarsa a sanyaye take.

"Ƙanena, na ji saƙonka. Ga zobban nan, na matso da rikoda dab da su. Ba zan taɓa tsirkiya ba, su kaɗai zan girgiza maka, ka ji da kunnenka."

Na ƙure ƙara, na danna robar cikin kunne har ta yi min zafi. Na zauna ina kallon zaren kaset yana juyawa, ya daɗe yana juyawa, ba abin da nake ji sai ƙugin kaina. Ban taɓa jin tausayin wani kamar yadda na ji nasa a lokacin ba, dattijo zaune shi kaɗai gaban rikoda yana girgiza garaya don ya wanke kansa a wurin ƙanensa. Can sai muryarsa ta dawo.

"To, ka ji su ko?"