Takalmin Matar Jagora

Na-Baya ake ce masa a unguwa, kuma aikinsa ne ya jawo masa sunan. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana yi wa masu tafiyar hutu jagora a kan duwatsu, irin mutanen birnin nan da ke ɗaukar hutun aiki su goya jaka, su yi kwana bakwai suna tafiya a ƙasa, daga tashar gindin dutse har su ɓulla ta wancan gefen. Shi kuwa jagora ne da ba ya shiga gaba. Da safiyar farko zai tsaya ya dubi takun kowa, ya gano wanda ya fi nauyin jiki, ya ce masa, "Ranka ya daɗe, kai ne a gaba." Sai shi ya koma ƙarshen layi da sandarsa da butarsa, kowa ya bi takun wancan ko yana so ko ba ya so. Shi ya sa ba a taɓa barin mutum a hanya a hannunsa ba. Dokarsa ta biyu, ba a hawa da sabon takalmi. Sai ƙafa ta yi wata guda a cikinsa, in ba haka ba kwana biyu ya isa ya saɓule wa mutum dunduniya.

Matarsa saƙa take yi, ita ke saƙa masa safa mai kauri. In ya dawo, tana shafa masa man zafi a gwiwa yana ba ta labarin hanya. Labarin kwana na huɗu ta fi so, na wani tafki da ke can ƙololuwa, inda mutum zai sallame sallar asuba ya ga gajimare a ƙarƙashinsa.

"Gajimare a ƙasa? Malam, ka ji tsoron Allah."

"Wallahi, Uwar yara. Kamar an baza auduga."

"To kai ni in gani mana. Ni da ko tudun bola ban taɓa hawa ba."

Shekarar da autarsu ta shiga makaranta ya sayo mata takalmin hawa, baƙi, mai igiya har idon sawu. Ta riƙe dokarsa gam. Da shi take zuwa kasuwa, da shi take ɗebo ruwa a famfon bakin layi. Maƙwabciyarta ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Soja, ina ake yaƙin?" Ita kuwa dariya kawai take, tana ƙirga kwanakin wata.

Da lokaci ya zo, ya tsaya a ƙofar gida yana kallon ta tana dawowa daga kasuwa, ya dubi takunta kamar yadda yake duban na baƙi. Nan take ya gane ita za a sa a gaba. Ya hango ma'aikatan banki da likitoci sun jeru a bayan matarsa suna duban agogo, sai kunya ta kama shi. Ya ce mata tantin bana ya cika, sai baɗi.

Ba ta yi musu ba. Ta goge takalmin ta ɗora a kan kwaba. Da baɗi ta zagayo, saura wata guda, ta sauko da shi ta sake sawa, wai kada ƙafa ta manta shi. Haka ta yi ta yi. Wata shekarar ya ce ruwa ya yi yawa, wata ya ce baƙin bana masu faɗa ne. Gaskiyar maganar dai bai taɓa faɗa mata ba.

Sai da ya ajiye aiki, babu sauran baƙon da zai dubi agogo, sannan ya ce ta shirya, su biyu kawai. Furfura ta riga ta cika mata kai. A tasha ya ce, "Ranki ya daɗe, ke ce a gaba." Ta gyara mayafi ta shige tana murmushi. Kafin azahar ta zauna sau shida. A hawan farko ta samu wani falalen dutse ta zauna, numfashi na fita da ƙyar, ta daɗe tana kallon sama.

"Nan kwana na nawa ne, Malam?"

"Rabin na farko."

"Oh ni. Takalmin dai ya saba, ƙirjin ne ya ƙi." Ta miƙa masa hannu ya tashe ta. "Mu koma. Ka ba ni labarin a hanya, amma ban da ƙari."

Suka sauko a hankali, tana gaba yana baya. Bai taɓa jin sauƙin bin takun wani kamar na ranar ba, wannan ne ma ya fi ci masa rai.

Ba ta ga ƙarshen shekarar ba, Allah Ya jiƙanta. Da 'ya'yan suka zo rabon kayanta, auta ta ɗauko takalmin ta juya ƙasansa.

"Baba, wannan ai an sake masa ƙasa."

"Sau biyu," in ji shi. "Tsakanin nan da kasuwa ya cinye."

"A bayar?"

Ya ce a bayar, amma a gaya wa wadda ta samu ba sai ta jira wata guda ba. Da auta ta kai ƙofa da shi, sai ya kira ta ya karɓa, ya mayar kan kwaba. Har yanzu yana nan. In ya idar da sallar asuba yakan daɗe a kan darduma, yana yi mata addu'a, yana neman gafara kan tantin da bai cika ba.