Jan Layi a Ƙarƙashin Chétimari

Titus, wanda aka aiko daga Yamai ya koya wa sakatarorin ma'aikatun Diffa aiki da ordinatar, wato kwamfuta, bai san sunan wata daga cikinsu ba tukuna. Tana zaune a layin baya, tabarau ɗaure da zare, yatsu sun sha lalle, tana dukan maɓallai kamar har yanzu tsohon mashin ɗin buga takardu ne a gabanta. Da ganin hannun nan ka san ya yi shekara ashirin yana buga takardun manoman tattasai.

Ta yafuto shi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, wa ya ja jan layi ƙarƙashin Chétimari?"

"Hajiya, na'urar ce. Ba ta san kalmar ba, ta ɗauka kuskure ne. Danna nan, ki ƙyale ta."

"In ƙyale ta? Garin da aka binne cibiyata ne kuskure?"

Ya nuna mata inda ake ƙara wa na'urar kalma. Ta gyara zama. Chétimari, Gueskérou, Yébi, ɗaya bayan ɗaya, jan layin yana ɓacewa.

"Hajiya, darasi fa yana wuce ki."

"Ya wuce, Malam. Baƙo shi ke fara koyon sunan masu gida."