Wa Ya Mutu A Cikin Miyar Nan?

Duk wanda ya taɓa ajiye wa Ilu akushi a gabansa ya san abin da zai biyo baya. Ba ya ko wanke hannu tukuna. Sai ya ɗaga faifai a hankali, ya sunkuya ya shaƙi tururin, ya lumshe ido kamar mai sauraron huɗuba, sannan ya dubi mai gida ya ce, "Wa ya mutu a cikin miyar nan?" In aka ce ba kowa, ya yi bisimilla. In aka ce ai ɗan tsako ne kawai, sai ya mayar da faifai ya ce, "Allah ya jiƙansa," ya zaro gurasarsa daga aljihu ya ci da ruwa. Ku da kuka zauna da shi a Magariya kun san ban ƙara gishiri ba.

Ni kuwa Mati ne, mahauci ɗan mahauci, wanda ake kira Barunje saboda sana'ar, kuma tun muna kiwon awaki a Kwaya ba ni da aminin da ya wuce shi. Ku dubi wannan jarrabawa. Duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya ne ba ya cin nama, shi Allah ya haɗa ni da shi.

Ba haka aka haife shi ba. Muna samari ya fi kura son ƙashi. Cin rani ne ya kai shi Kano, ya samu aikin kuku a gidan wani Ba'indiye mai kantin yadi, mutumin da ko ƙwai ba ya shiga gidansa. Ilu ya tafi da ciwon cikin da ke kayar da shi kowace damina, ya dawo bayan shekaru garau, sai ya yanke wa nama hukunci shi kaɗai, ba shaida ba alƙali.

Ranar da abin ya zama rigima, lokacin cinikin gyaɗa ne, kamiyo, manyan motocin kaya, sun cika gari, kowa da ɗan abinsa a aljihu. Na yi tsire irin wanda ƙamshinsa ke tsayar da mai tafiya masallaci. Ilu ya zo wucewa, na zaro tsinke mafi kitse na miƙa masa a gaban jama'a. Ya karɓa, ya shinshina, ya ce, "Barunje, wannan bawan Allah yaushe ya rasu? Ban ji an yi shela ba."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Wani Bafillace da ya riga ya ɗauki tsinke ya ajiye. Raina ya ɓaci, na buga wuƙa a kan tebur na ce, "Wallahi tallahi sai ka ci naman hannuna kafin ƙasa ta rufe idon ɗayanmu!"

Limamin unguwarmu yana tsaye yana jiran a yanka masa hanta. Ya ce, "Mati, ka ɗaure kanka. Ko ka cika, ko ka ciyar da miskinai goma kaffara."

Ciyar da mutum goma ba wani abu ba ne a wurin mahauci. Amma ranar da na yi haka, duk Magariya ta san mai wake ya kayar da Barunje. Na ce ina, ba da ni ba. Daga ranar mutuncina ya rataya a bakin Ilu.

Kafin in ba ku labarin yaƙinmu, bari in gaya muku abin da yake ci, don kada ku ce da iska ya rayu. Ya dawo daga Kano da ɗan buhu na wani jan wake ƙanana, ko ƙwayar dawa ta fi su girma, an sussuke bawonsu an raba su biyu. Ya ce shi ne abincin maigidansa safe da yamma. Da damina ta faɗi ya hau jaki ya tafi gonar ubansa a Kwaya ya shuka rabin buhun, ya kewaye da ƙaya, ya hana kowa raɓa. Kowace tsohuwa ta san waken da aka surfa ba ya tsira, amma wa zai gaya wa Ilu? Gero ya kai gwiwa, nasa ko ɗigo. Na je na tsaya a bakin shingen na ce, "Ina amfanin gona?"

Ya ce, "Kai ba ka san komai ba. Waken Ingilishi ne, nan kuwa ƙasar Faransa ce. Ba shi da takardar shiga, shi ya sa ya ɓuya."

Sai ya koma kan namu farin waken. Ya jiƙa, ya surfa, ya wanke har bawon ya fita tas, ya dafa da ƴar kanwa har ya narke kamar kunu mai kauri. Can gefe ya soya man gyaɗa da albasa da tafarnuwa da citta da gangamau, ya juye a kai, ka ji caa, ƙamshin ya tsallake katanga uku. Ranar da ya ga dama ya zuba zogale ko yakuwa. Ya gina tanderu a tsakar gida yana gasa gurasa da alkamar fadama, kuma ya hana matarsa Hajo ta tankaɗe garin.

Ta ce, "Malam, dusa fa ta akuya ce."

Ya ce, "To dubi yadda akuya ke hawan katanga, ki dubi yadda kike tashi daga tabarma."

Na ci waken nan fiye da kowa, ba na musu. Amma don in gano lagonsa nake zuwa, kada wani ya fassara shi daban.

Hajo ita ce sojata a cikin gidan. Baiwar Allah tana son nama, shi kuma bai taɓa hana ta ba, sai dai tukunyarta daban, ludayinta daban. Wata rana na ba ta ƙashin ɓargo na ce ta jefa a miyar kukarsa, in ya dahu ta tsame ta jefar, ta ninka daddawa don ta rufe warin. Da azahar na je na zauna kusa da shi ina ta zancen farashin fata. Aka kawo tuwo. Ya ɗaga faifai, ya shaƙa, ya daɗe ido a rufe. Na ce a raina yau kam Allah ya kama ka.

Ya ce, "Hajo, an yi jana'iza a tukunyar nan, an ɗauke gawar." Ya sake shaƙa. "Saniya ce, tsohuwa. Kuma wanda ya ba ki ita bai ji tsoron Allah ba, ta kwana."

Ƙarya yake yi, da safen nan aka yanka ta. Amma ina tsalle na ce ba ta kwana ba, sai na ga ya zuba mini ido yana murmushi.

Da dabara ta ƙi sai na kai ƙara wurin addini. Ilu ba ya wasa da layya. Kowace shekara yana yanka ragonsa, ni nake feɗewa, ya rabar da naman kaf, hantar da mai layya ke buɗe baki da ita ya tura wa Hajo. Wata babbar salla na jawo Liman har zauren gidansa, da hanta gasasshiya a faranti.

Liman ya ce, "Ilu, ba kyau mutum ya haramta wa kansa abin da Allah ya halatta."

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ban ce haram ba ne. Cikina ne bai iya ba. Amma in yi tambaya, mata nawa aka halatta wa namiji?"

"Huɗu."

"Malam nawa gare shi?"

Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗaya."

"To, kowa ya san abin da cikinsa zai ɗauka."

Liman ya cinye hantar, ya ɗora da waken Ilu, ya tambaya ko akwai saura a kai wa iyali. Tun daga nan ban sake kai malami gidan ba, don kar in rasa mai saye.

Ranar da na tabbata zai faɗi ita ce ranar da dangin mijin ƴarsa suka zo daga ƙetaren iyaka. Kowa ya san ba a saukar suruki sai an zubar da jini, ko na kaza ne. Na wasa wuƙata na zauna a ƙofar gida ina jira, don in an yanka dole mai gida ya sa hannu a akushin baƙi. Ilu ya kamo jan zakaransa, ya shiga zaure da shi a hammata, ya durƙusa gaban babban cikinsu ya ce, "Baba, ga zakaranku. Ba rowa na yi ba. In an yanka a nan, ku ci yau ya ƙare. Ku tafi da shi da ransa ya riƙa tashinku salla." Sannan aka shigo da wake da gurasa mai zafi. Dattijon nan ya ci har ya kwance ɗamara. Da za su tafi ya ce a bar zakaran, a ba shi kulli na kayan ƙamshin nan. Ni aka bari da wuƙa a hannu, ina raka su tasha.

Haka muka tsufa. Duk ranar kasuwa sai wani ya ce, "Barunje, ya ci?" in ce, "Saura kaɗan."

A shekarar da ake ta raɗe-raɗin Nasara zai tafi, Ilu ya kwanta. Ba cikin ba ne, ƙirji ne. Likita ya duba shi ya ce jikin ya yi rauni, a riƙa ba shi romo. Hajo ta aiko mini. Na zaɓi ƙaurin ɗan maraƙi, na dafa da kaina, na ɗauka a kwano da hantsi har ɗakinsa. Ban je don in ci nasara ba, wallahi so nake ya tashi.

Ya rame har na ji tsoro. Na buɗe kwanon, ina jira ya yi tambayarsa. Bai yi ba. Ya ce, "Ɗago ni, Mati." Rabon da ya kira ni da sunana tun muna Kwaya. "Kawo in kurɓa. Ba zan tafi in bar ka da rantsuwa a wuya ba. Kira mutum biyu su shaida."

Ya miƙo hannu. Hancinsa na ƙin abin, na gani, amma ya buɗe baki. Abin da na nema rabin rayuwata ga shi a tafin hannuna, sai na ji ba na so. Na rufe kwanon na ce, "Romon nan ya kwana."

Ya ce, "Ƙarya kake."

Na ce, "A wurinka na koya."

Na miƙa wa Hajo romon, na shiga madafarsa, ni da ban taɓa dafa abin da ba shi da ƙashi ba. Na surfa wake, na dafa, na soya mai na juye, har caa ɗin ta fito. Na kawo masa. Ya ɗaga faifai da ƙyar, ya shaƙa.

"Wa ya mutu a ciki?"

"Ba kowa."

Ya ɗanɗana ya ce, "Waken ne ya mutu. Ka cika kanwa, Barunje." Amma ya sha har ludayi uku, abin da bai yi ba tun da ya kwanta.

Bayan ya rasu an kai shi makwancinsa, ranar kasuwa ta farko, ban yi yanka ba. Na ɗora tukunya a kan murhun tsirena, na kira miskinai goma na zaunar da su a gaban rumfata, inda kowa zai gani. Hajo ta gasa gurasa ba tankaɗe. Wani makaho a cikinsu ya laluba akushi ya ce, "Yau a rumfar mahauci muke, ina naman?"

Na ce, "Ci, Malam. Mai wake ne ya yi nasara."

Allah ya jiƙan Ilu, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Ya ciyar da shi daga lambunan Aljanna, inda ba wanda ke mutuwa, ba sai ya ɗaga faifai ya tambaya ba. In tamu ta zo, Allah ya sa a zaunar da ni kusa da akushinsa. Amin.