Yaya Teku Yau, Papa?

Kowace safiya, kafin in sa ƙafa a ƙasa, sai na lalubi waya na duba abin da masu hasashe suka ce game da teku. Suna faɗin tsayin igiyar ruwan da ke tafe, da inda iska za ta bugo, da lokacin da ruwa zai cika ya janye. In na ga alamar za a dace, sai in saɓa katakona na hawan ruwa in nufi bakin teku tun Legas ba ta gama farkawa ba. Dariya kake yi, ko? Yi abarka. Abokan aikina ma sun gaji da tambayar me ya haɗa ɗan Kafanchan, wanda ya tashi tsakanin duwatsu da gonakin citta, da hawan igiyar ruwa. To, kwanan baya ina tsaye a kan yashi, wani tsohon masunci ya lashi yatsa ya ɗaga sama don ya ji inda iska take. Nan take ƙamshin ɗanyar citta ya cika mini hanci, a wurin da babu citta ko ƙwaya ɗaya, na ga kaina a barandar gidanmu a kwatas ɗin reluwe.

Kakana ne mai lasar yatsa haka. Papa muke ce masa, mu da duk unguwa. Mutumin bakin teku ne, daga wani ƙauyen masunta can gaba da Fatakwal. Aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Kafanchan yana saurayi, ya ga kakata tana sayar da dafaffen gwaza a tasha, shi ke nan aka gama da shi. Kaka kuwa 'yar gindin dutsen Kagoro ce, gajeriya, bakinta ya fi ta tsawo. Ba ta taɓa ganin ruwan da ba a hango ɗaya gaɓar ba, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta gani ba. A hannunsu na girma, don iyayena suna Kaduna wajen aiki.

Da sassafe, lokacin da Kaka take baza citta a kan buhuna a tsakar gida, Papa yakan fito baranda da zane ɗaure a ƙugu, ya fuskanci kudu inda layin dogo ya miƙe ya ɓace cikin ciyawa. Sai ya lashi yatsa ya ɗaga. Ya dubi gajimare, ya tuna yadda ya ga wata jiya, ya yi shiru kamar mai sauraron wa'azi. Maƙwabta masu wucewa zuwa famfo sun riga sun mai da abin gaisuwa.

"Papa, yaya teku yau?"

"Yau ya tashi da fushi," zai ce da Hausarsa mai karkacewa. "Kada kowa ya shiga."

Su ce to, sun ji, ba za su shiga ba, su wuce da bokitansu suna dariya. Shi ma ya san dariya suke yi, bai taɓa damuwa ba. Da damina tekunsa yawanci a fusace yake. In lokacin kaka ya shigo, iska ta fara saukowa daga arewa, sai fuskarsa ta washe, ya ce yau iska tana taje wa ruwa kai, igiya za ta zo a jere, sumul, ranar hawa ke nan. Ni kuwa na yarda da shi ɗari bisa ɗari. A coci in aka karanta inda raƙuman ruwa suka taso wa almajiran Yesu, shi nake juyawa in kalla, don a duk majami'ar shi kaɗai ya taɓa ganin abin da ake faɗi.

Akwai wani katako a bayan gidanmu, ɓallen ƙofar tsohon tarago. Papa ya kankare shi, ya goge bakinsa da dutse don kada sartse ya shige ni. Da yamma sai ya shimfiɗa shi a ƙarƙashin mangwaro, in kwanta rub da ciki a kai, in riƙa tuƙa ƙasa da hannuwa. Ya ce haka suke yi suna yara da ɓaraguzan kwale-kwalen iyayensu. Shi zai tsaya a bayana, shi ne teku.

"Jira. Ba wannan ba, wannan ƙarama ce. Jira uwarsu tana baya. Jira. Yanzu!"

Sai ya ɗaga gindin katakon ya tura, in yi ihu, kaji su watse. Ban san sau nawa na haɗiyi ƙasa a gindin mangwaron nan ba. Amma wallahi in na rufe ido a lokacin, ganyen da ke motsi a sama ruwa ne, ƙarar jirgin kaya daga nesa ruwa ce, duk kwatas ɗin yana lilo a hankali da ni da kajin da rigunan da aka shanya. Kaka takan leƙo daga kicin ta ce mini cikin wasan kaka da jika, "Mijina, in ka gama iyo ka zo ka sha fate kafin kifi ya cinye ka."

Abin da ban sani ba sai da na yi wayo shi ne, Papa ɗaurarre ne. Lokacin yaƙin basasa ya gudu kudu kamar sauran mutanensu, ya bar Kaka da goyo da ciki. Shekaru ta yi ba ta san ko yana raye ba. Kullum in ta ji kukan jirgi sai ta ajiye abin da take yi ta tafi tasha, ta tsaya har mutum na ƙarshe ya sauka. Da Allah ya dawo da shi, ƙashi da fata, ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko Littafi Mai Tsarki ta sa ya ɗora hannu, ya yi alkawari ba zai sake haye kogin Binuwai ba sai in ita ta sake shi da bakinta. Ya yi. Mahaifiyarsa ta rasu a can, bai je ba. Ƙannensa suka yi ta aiko da saƙo har suka gaji. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma ban isa in ga laifin Kaka ba, ni da ban taɓa tsayawa a tasha ina ƙirga fuskoki ba. Shi ma Papa bai taɓa ƙorafi ba, ya dai riƙe tekunsa a baranda.

Ina firamare ajin ƙarshe yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko layin dogon ne ya ɓace masa, daga baya mangwaro, daga baya fuskokinmu. Wata yamma ina tsince wake kusa da su, na ji ya kira Kaka da sunan da yake kiranta.

"Uwar yara, ki sake ni in je in ga teku sau ɗaya, tun da sauran haske. Zan dawo."

"Wancan karon ma haka ka ce."

"Ai na dawo."

"Ka san yadda na jira?" Ta kakkaɓe zaninta ta miƙe. "Ruwa kake so? Ni zan kai ka wurin ruwa."

Kada ka ɗauka wayo ta shirya masa. Har ga Allah Kaka ta gaskata ruwa ruwa ne, in dai yana da yawa yana da ƙara. A ganinta abu biyu kawai teku ya fi Matsirga da su, suna da gishiri, kuma gishiri akwai shi a kicin ɗinta. Matsirga kuwa ita ce babbar magangarar ruwan da ke bayan garinmu, inda kogi yake faɗowa daga kan dutse. Ta jira har tsakiyar damina, lokacin da ruwan ya cika ya batse. Ta roƙi wani ɗan cocinmu mai motar ɗaukar citta, ta gayyaci ƙawayenta matan zumuntar coci, aka dafa shinkafa, aka sa wa Papa farar rigarsa ta Lahadi. Tun daga nesa muka fara jin rugugi a ƙirjinmu. Samari biyu suka riƙe shi muka gangara a hankali, ƙasa tana santsi, feshin ruwa yana sauka a kanmu kamar yayyafi. Komai kore ne shar, har duwatsun. Ni dai ban taɓa ganin abu mai girma haka ba, na ce a raina lalle Kaka ta gama magana.

Aka zaunar da shi a kan wani faffaɗan dutse. Kaka ta ɗebo ruwa a kwanon sha, ta kwance bakin zaninta, ta zuba gishirin da ta ƙullo, ta motsa da yatsa, ta ɗanɗana kamar miya, ta ƙara kaɗan. Sa'an nan ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ga tekunka. Ba sai ka shiga jirgi ba."

Matan zumunta suka ɗauki waƙar yabo. Papa ya kurɓa, ya wanke fuskarsa da sauran, ya ce, "Kin yi ƙoƙari, uwar yara. Ubangiji ya sa albarka." Daga nan ya karkata kai yana saurare. Ya daɗe a haka, farar rigarsa tana jiƙewa, leɓɓansa suna motsi. Ni da nake kusa na gane abin da yake yi, don na sha jin sa a gindin mangwaro. Jira yake. Yana jiran ruwan ya ja baya ya yi shiru, kafin babbar ta zo. Ruwan kuwa zuba kawai yake yi, ba ya tsayawa.

"Wannan ba ya numfashi," ya ce a hankali. Ba da faɗa ya faɗa ba, kamar dai mai ba da labarin maras lafiya.

Kaka ta ji. Ta ce ruwa dai ruwa ne, ta shiga raba shinkafa da ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

Washegari ya fito baranda kamar kullum, amma bai ɗaga yatsa ba. Matar maƙwabcinmu ta wuce da bokiti ta yi masa gaisuwar da aka saba. Ya yi murmushi ya ce, "Yau ban sani ba, 'yata." Ban taɓa jin magana mai ciwo irin wannan ba, na shiga bayan gida na yi kuka a kan katakona. Bai sake roƙon Kaka ba, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba. Ta ci gaba da yanka masa nama ƙanana, tana jan hannunsa zuwa coci, tana yi masa faɗa in ya ƙi sa rigar sanyi. Damina biyu bayan haka aka binne shi a Kafanchan, cikin jar ƙasa, dutsen Kagoro yana kallonsa.

Ranar da na fara ganin teku, na riga na zama magidanci. Na zauna a yashi ina kallonsa. Ga shi yana ja, ya tsaya, ya saki, daidai yadda tsohon ya riƙa yi da gindin katako. Samarin wurin suka koya mini tsayawa da ƙafa, suka sha dariyar faɗuwata, amma ba wanda ya koya mini jira.

Yanzu komai ya sauya. Ciyawa ta cinye layin da Papa yake fuskanta, awaki ne ke kiwo a inda taragu suke tsayawa, an sare mangwaronmu an yi shagon cajin waya. Mutum yana kwance a gado zai san irin igiyar da za ta iso jibi, ba sai ya dubi wata ba. Ina amfani da abin, ba zan yi maka ƙarya ba, kuma yana faɗin gaskiya fiye da yatsa. Sai dai ba wanda yake wucewa ta ƙofata ya tambaye ni.

Kaka tana nan da ranta, a gidan gwaggona. Ƙafa ta ƙi, amma kunne da baki lafiya lau. Shekara da shekaru tana aiko mini da faɗa a kan wasa da ruwa, ba ta taɓa yarda ta ji labarinsa ba. Wata Asabar da safe, hasashe ya yi kyau, ina shirin shiga ke nan sai ga kiranta.

"Mijina, wace ƙara ce wannan a bayanka? Injin niƙa?"

"Teku ne, Kaka."

Na ɗauka faɗan ne zai biyo baya.

"Juya wayan in ji shi."

Na taka har ruwa ya kai mini gwiwa, na miƙa hannu. Igiya ta zo ta fashe, ta ja da baya tana jan yashi a ƙarƙashin ƙafata, aka yi tsit, wata ta taso. Hannuna ya gaji na sauya ɗayan. Da na mai da wayar kunnena, numfashinta kawai nake ji.

"Shi ne yake yin shiru haka, sa'an nan ya sake zuwa?"

"Shi ne, Kaka."

"Ashe gishiri ba shi ne maganar ba." Muryarta ta yi ƙasa. "Ka gaya masa na sake shi. Ya je."

"Kaka, wa zan gaya wa?"

"Kai ne kake tsaye a wurin," ta ce. "Ni ƙafata ba za ta kai ba."

Na juya na fuskanci ruwan. Samari suna ta wucewa da katakansu suna kallon wani ƙato da furfura a gemu yana kuka da waya a hannu. Na jira ƙananan suka wuce, na jira ya ja numfashi ya yi shiru, sa'an nan na ɗaga murya yadda ita ma za ta ji daga Kafanchan.

"Papa, ta sake ka."