Filastar da Na Manna wa Inna da Azumi

Inna ba ta yarda da maganin da ake haɗiyewa ba. A gidanmu na Maradun, in ka yi tari, ƙirjinka za ta murje da man kaɗanya da citta. In ka yi targaɗe, man shanu ne da ɗumin tafin hannunta. Tana murzawa tana faɗin, “Fata na sha, ku dai ba ku sani ba.” Mu kuwa sai ihu, don hannun Inna hannun surfe ne, ba ya san wasa.

Ni ce ’yar fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. “Ke” ce kawai, in ranta ya yi daɗi kuma “’yar nan”.

Da ciwon daji ya kama ta a nono, ya gangara ƙashi, na ɗauko ta na dawo da ita gidana a Talata Mafara. Ƙwayoyin asibiti ba sa zama a cikinta, tana sha tana amayarwa. Sai wani likita a Sakkwato ya rubuta mana wata filasta, ’yar ƙarama, ba ta kai tafin hannun jariri ba. Ya ce a manna a busasshiyar fata a bar ta ’yan kwanaki, maganin zai riƙa ratsawa a hankali yana shiga jini. Ya ja mini kunne kada a yi mata gashi a wurin, kada kuma a riƙa cirewa ana mayarwa. Inna ta dube ni ta ce, “Kin ji ko? Har likita ya biyo maganata.” Ranar ta yi barci har da minshari. Na zauna bakin gado ina kuka don daɗi.

Sai azumi ya kama.

Ranar farko na shiga da hantsi na tarar da ita ta dunƙule, gumi na zuba, ta cije gefen zane. Ga filasta manne a ƙarfen gado.

“Inna! Wa ya cire?”

“Ni. Sai an sha ruwa in maida.”

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce haba Inna, ke da Allah Ya ɗauke wa azumin ma gaba ɗaya? Ta ce ta sani, amma jikinta na gaya mata wannan ne na ƙarshe, ba za ta kai shi da giɓi ba. Na ce to ai ba ta baki ya shiga ba. Ta ce, “In bai shiga ba, mi ya kwantar da ciwon?”

Na aika garin Bakura aka zo da Kawu, ƙanenta, malami ne da ake zuwa ɗaukar karatu wurinsa. Ya zauna ya yi mata bayani tiryan-tiryan: abin da ya ratsa fata ba ci ba ne, ba sha ba ne, azuminta na nan daram. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, “Kai da na goya? Na sha murza maka magani a ƙirji ka tashi da ɗacinsa a baki. Tashi ka bi hanya tun da rana.” Kawu ya fito yana share ido da bakin rawani.

Haka muka yi ta yi. Filasta ta daina kamawa, sai da tsumma ake ɗaure ta, maganin ma ya daina aiki yadda ya kamata. Da la’asar nishinta har zaure ake ji. Ina girkin buɗa-baki ina jin ta. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi fushi na daina magana, duk a banza.

Abu ɗaya ta yarda da shi: bayan sahur in shafa mata man kaɗanya a baya, kafin a kira salla. Wata asuba na ɓare sabuwar filasta na ɓoye a hannu. Na bar wuri ɗaya tsakanin kafaɗunta ban sa mai ba, inda hannunta ba ya kaiwa, na danna ta da tafin hannu kamar ina tausa. Tsohuwar filastar kuwa Inna ta cire abarta ta manna a ƙarfen gado, yadda ta saba.

Kafin magariba ta lafa. Kashegari har ta zauna ta ja carbi, ta tambayi ko shinkafar Bakolori ta fara shigowa kasuwa. Na ci gaba da canza mata a ɓoye, kuma har yau ban yi nadama ba. Ko yanzu aka dawo da ni, sai na manna.

Ana saura kaɗan Salla jikinta ya saki. Ina juya ta don in gyara shimfiɗa, ta riƙe mini wuyan hannu.

“’Yar nan.”

“Na’am, Inna.”

“Abin ga da kike liƙa min a baya. Kin zaci ban san bayana ba?”

Kunya da tsoro suka rufe ni.

“Na ƙyale ne don na ga kin rame kin fi ni. Amma kwanakin nan ban ƙirga su ba. Ki rama min.”

Ba ta ga Salla ba. Da muka zo yi mata wanka, ni na ɓare ta ƙarshe da hannuna. Wurin ya yi fari-fari, murabba’i, fatar ta yi laushi kamar ta yaro.

Kawu ya ce babu ramuwar komai a kanta, in dai hankalina bai kwanta ba in ciyar. Na ciyar. Amma duk shekara bayan Salla sai na ɗauki azumin nan, kuma Allah Ya sani na yarda da fatawar Kawu. Sai dai in na yi wanka da rana na ɗauko kwalbar mai, hannuna ba ya iya buɗewa. Haka nake yini fata a bushe, ƙafa duk kaushi, sai an kira magariba nake shafawa.